Tafin Hannunsa a Bangon Tsakar Gidanmu

Na daɗe ina son rubuta wannan labari ina fasawa. Sau biyu na fara, sau biyu na yage takardar. Karatuna na boko a firamare ya tsaya, kuma ina jin nauyin a ce mace ta zauna tana ba da labarin ɗanta na fari, wanda ko sunansa ba ta kamawa. Abin da ya sa na daure, akwai tambayar da nake son yi, kuma ba za a gane ta ba sai na faro daga tushe.

Shekara shida na yi a ɗakina a Ƙofar Kuyambana, cikin Zariya, kafin Allah Ya ba ni yaron. Ni kuwa tun ina yarinya mai waswasi ce. Nakan maimaita alwala, nakan kulle ƙofa in dawo in taɓa kwaɗon. Da yaron ya zo, sai waswasin ya koma kansa gaba ɗaya. Ban taɓa barin shi ya zauna a ƙasa ba tare da tabarma ba, saboda kajin surukata, wadda muke kira Inna, suna yawo a tsakar gida. Kullum akwai jiƙaƙƙen tsumma a kafaɗata. Ya taɓa bango in goge, ya taɓa takalmi in wanke masa da sabulu.

Ya kai shekara biyu da rabi ba ya yarda ya taɓa komai. Yana tafiya hannuwansa a sama, yatsu a buɗe, kamar wadda aka ƙunsa wa lalle. In ƙwayar shinkafa ta manne masa a yatsa, sai ihu. Abinci kuwa sai da cokali, cokalin ma sai a hannuna. Da farko har daɗi nake ji, ina cewa yarona mai tsabta ne. Sai na samu ciki na biyu. Wata rana na je awo, layi ya riƙe ni har la'asar, na dawo na tarar ko loma ɗaya bai karɓa daga hannun Inna ba. Ranar na zauna a bakin gado na tambayi kaina: in na kwanta haihuwa, wa zai ciyar da shi?

Da na koma awo na tafi da shi. Wata nas dattijuwa ta duba shi, ta ce lafiyarsa ƙalau. Ta dubi tsumman da ke kafaɗata, ta yi murmushi. Ta ce in bar shi ya yi wasa da hannunsa, ya taɓa mai laushi da mai kaushi, busasshe da jiƙaƙƙe, kada in matsa masa kuma kada in goge.

Na yi niyyar farawa da gero, sai zuciyata ta hana ni. Mu an tashe mu a kan ba a wasa da hatsi, ko ƙwaya ɗaya ka gani a ƙasa sai ka tsince. Na sa baban yaron ya tambayi malamin masallacin unguwarmu. Ya dawo yana dariya, ya ce Malam ya ce in za a tattara a dafa ko a ba kaji, babu laifi. Na ce ya koma ya tambaya ko har da wake. Ya ce wallahi ba zai koma ba.

Na shimfiɗa zane, na zuba gero a babban tire, na binne murafen robar lemo masu faɗi a ciki, waɗanda na tabbata ba za su shige masa baki ba. Kwana huɗu da ludayi yake tono su. A na biyar ludayin ya faɗi, ya sa yatsa ɗaya, ya cire da sauri, ya dube ni. Na zuba wake a gwangwanin madara na ɗaure bakin da tsumma, ya riƙa girgizawa yana bin Inna da shi har ta ce ya hana ta jin rediyo. Na jiƙa zoɓo a ruwa, na jera masa kofuna, yana juye jan ruwa daga wannan zuwa wancan yana cewa "shayi, shayi". Na kawo masa ganyen lemun tsami da citta da kanumfari ya shinshina. Da ya shaƙi cittar ya yi atishawa sau uku, ya yi dariyar da ban taɓa jin ya yi ba.

Waɗannan makonni sun yi mini daɗi ƙwarai. Amma duk abin da yake da danshi ko yauƙi, ko kusa. Na kwaɓa masa fulawa, na yi masa ɗan tsuntsu da ita, ya tsaya daga nesa hannuwa a baya. Cikina kuwa ya shiga wata bakwai.

Gab da damina, sai aka kira magini ya yi yaɓe a bangon tsakar gida, wanda ya raba mu da maƙwabta. Tsoho ne, tun zamanin mijin Inna yake yi wa gidan aiki. Aka zube jar ƙasa a gindin bishiyar zogale, ya haɗa ta da ciyawa da ruwa, ya naɗe wando yana takawa. Na sa hijabi na fito na gaishe shi.

Na ce, "Baba, don Allah akwai kashin doki a ciki?"

Ya ce, "Hajiya, dokin wa? Ni ko jaki ba ni da shi."

"Ruwan fa, daga ina aka ɗebo?"

"Daga rijiyarku. In kina so in yi wa ƙasar alwala ne, sai ki kawo buta."

Inna tana kan tabarma tana gyaran wake, ta yi dariya har da tari.

Kwana biyu yaron yana tsaye a bakin ƙofar ɗaki yana kallon ƙafafun magini. Duk lokacin da ƙasar ta yi ƙara, caɓal, sai ya ɗaga tasa ƙafar a inda yake tsaye. A rana ta uku magini ya gama shafe rabin bango, ya wanke ƙafa ya tafi sallar azahar. Inna ta kira jikanta da irin tsokanar da take yi masa kullum.

"Maigidana, zo nan. Wane irin miji ne kai, bangon matarka yana zubewa kana tsaye da hannu a sama? In ba za ka yi aiki ba ka ba ni takardata."

Ya matso har bakin kwaɓin. Ya miƙa ɗan yatsan ƙafa. Sai ya waiwayo ya dube ni, ya janye.

Inna ta ajiye faifan waken. Ta ce, "'Yar nan, kin gani? Ba ƙasar yake tsoro ba. Fuskarki yake dubawa. Ki ga yadda kika yamutsa ta, ga tsumma har kin sauko da shi hannu."

Na duba, wallahi tsumman yana hannuna, ban san lokacin da na sauke shi ba. Kunya ta kama ni. Na ce, "Inna, to yaya zan yi?"

Ta ce, "Ki shiga."

"Da cikin nan?"

"Riƙe zogalen. Ni da cikin mijinki na taka wadda ta fi wannan."

Na rataye tsumman a igiyar shanya, na tattare zane, na yi bisimilla, na sa ƙafar dama. Sanyi ya ratsa ni har tsakar kai. Ƙasar ta fito ta tsakanin yatsuna, ciyawar tana yi mini cakulkuli, na ɗaga ƙafa ta riƙe ni, na ja ta saki da wata ƙara mara kunya. Ban yi niyyar dariya ba, ita ce ta ƙwace mini. Rabona da taka laka tun ina aji uku.

Ina cikin dariyar na ji an riƙe mini zane. Shi ne, ya shigo har idon sawu. Ya buɗe baki zai yi kuka, ya dubi fuskata, sai ya fasa. Ya ɗaga ƙafa, caɓal. Ya sake. Daga nan santsi ya kwashe shi ya zauna daɓas, hannuwa biyu cikin laka har wuyan hannu. Zuciyata ta ce tsumma, na danne ta. Ya ɗago hannuwan yana juya su, ya matse, lakar ta tsiyayo. Sai ya miƙe ya nufi sabon yaɓen, ya manna tafukansa biyu a jiki, ya janye, ya tsaya yana kallon abin da ya fito.

"Nawa," in ji shi.

Inna ta rangaɗa guɗa da tsakar rana, har maƙwabciya ta leƙo ta katanga tana tambaya ko na haihu ne.

Magini ya dawo ya tsaya gaban bangon, ya riƙe haɓa. Ya ce, "Wane ne wannan ya zo ƙwace mini sana'a?" Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga mini hannu. Ya jiƙa yatsa ya zagaye tafukan biyu da zane mai lanƙwasa, irin wanda ake gani a fuskar tsofaffin zauruka na cikin birni. Ya ce ubansa ne ya koya masa, kuma ya fi shekara ashirin ba wanda ya ce ya yi masa.

Na yi wa yaron wanka sau ɗaya tak, Inna shaida ce. Abincin rana ɗanwake ne. Na zuba masa a kwano na tafi ɗauko cokali, na dawo na tarar ya cusa hannu ciki, mai har gwiwar hannu, kumatu cike. Da hagu yake ci. Na buɗe baki, Inna ta harare ni.

"Ki yi shiru. Dama tana nan, ba gudu za ta yi ba."

Na ƙyale shi ya ci da hagun. Cikin mako biyu, a hankali, ya koma dama. Ranar da na haifi ƙanwarsa, an ce tare da Inna suka ci tuwo a kwano ɗaya, tana zarginsa da cinye mata nama. Yanzu kuwa matsalata ta juye: randar ruwa, tokar murhu, ƙullun ƙosai, babu inda ba a samun hannunsa. Tsumman yana nan, ban yar da shi ba, amma ya fi zama a igiya.

To ga tambayata. Tafukan nan suna nan a bango, damina ɗaya ta wuce ta kansu. Na kare su da tsohon kwanon rufi da na jingina, duk da haka ɗan ƙaramin yatsan hagu ya fara shafewa. Baban yaron yana so a shafe bangon da siminti bana. Magini ya ce da can makuba ake shafawa, wadda ake yi da ɓawon ɗorawa, ruwa ba ya cin bango, amma mai haɗa masa ita ya rasu, kuma bai tabbata ko za ta cike zanen ta ɓoye shi ba. Don Allah, duk wanda ya san mai haɗa makuba har yanzu a Zariya ko ƙauyukan kewaye, ko ya san wata dabarar da za ta tsare zane a bangon ƙasa ba tare da ta rufe shi ba, ya aiko da bayani ta hannun waɗanda suka buga wannan rubutu. A faɗa mini kuma ko tana da illa in yaro ya lasa, don yanzu babu abin da ba ya kaiwa baki. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, ina so in sani kafin ruwan farko.