Kaskon da Lois Ta Sa a Ƙarƙashin Gado

Duk Tudun Wada an san Lois mai ɗinki ba ta bi ta gaban mai tsire. Mutane na yi mata dariya, ni kuwa raina ɓaci yake yi, don katanga ɗaya ce tsakaninmu, na san dalili.

Daga Kaltungo ta zo Gombe da mijinta Matiyu, lokacin da jirgin ƙasa ya fara isowa. Lebura ne a tasha. A 1974 dilar auduga ta faɗo masa a baya, daga ƙugu zuwa ƙasa ya shanye, ko tsinke ka soka masa ba ya ji. Yawan kwanciya ya jawo masa gyambo a diddigen dama, da wani a gwiwar hannu.

Bamanga, malamin asibiti, kullum sai ya zo ya yi masa allurar fenisilin. Na hannun ya warke cikin mako guda. Diddigen kuwa sai ƙara ruɓewa yake.

Bamanga ya ce mata, "Jini ne ke kai magani. Taɓa ki ji, ƙafar sanyi ƙalau, jinin ba ya sauka sosai. In ba ta sauya ba zuwa Litinin, likita zai yanke ta."

Lois ba mai kuka ba ce. Ta tuna yadda ake hura wa mai jego wuta a ƙarƙashin gado don jikinta ya yi ɗumi. Ta cika kasko da garwashi, ta tura ƙarƙashin gadon ƙarfen daidai ƙafafun, ta lulluɓe su da bargo, ta koma kan keken ɗinkinta a tsakar gida.

Da rana tsaka na shiga aron almakashi. Ta ƙofa muka hango bargon yana motsi. Ƙafar da ta shekara ba ta ko girgiza ba, ga ta tana harbawa ita kaɗai, mai ita yana kwance yana kallon rufi.

Lois ta kama hannuna ta ce, "Yaya, maganin ya isa." Muka tsaya muna gode wa Allah, sakarkaru biyu. Har gobe ina jin haushin kaina.

Sai Matiyu ya kira matarsa daga ciki, da fara'arsa: "Maman Hilda, wa ke gasa nama ne? Ƙamshin ya tayar mini da yunwa."

Ran Litinin ɗin ƙafa biyu aka yanke. Ya ƙara shekara goma sha ɗaya, tana ɗaga shi tana kwantarwa, bai taɓa tayar mata da zancen ba. Nama dai bai sake shiga tukunyarta ba.