Ƙanƙarar da Aka Sha Ruwa da Ita

A shekarun nan na mulkin soja ina aikin binciken cututtukan dabbobi a Jalingo, a ɗakin da ko firji mai rai babu. Wata cuta ta faɗa wa shanun wani dattijon Bafillace da ke bayan ƙauyen Kona. Saniya ta kwana lafiya, hantsi ya yi ta kwanta. Duk allurar da na sani na yi, a banza.

Sai na ji labarin wani ɗakin gwaji a Ibadan da ke karanta wa masu bincike jerin ƙwayoyin halitta, abin da ake kira DNA, har su gane ko wace ƙwayar cuta ce. Sharaɗinsu ɗaya, jini ya iso da sanyinsa.

Sai da na kusa yin kuka kafin dattijon ya yarda a taɓa shanunsa. "Likita," ya ce, "jinin nagge ba a wasa da ita. Amma ɗebi."

Na jera kwalaben jinin a kula, akwatin nan mai riƙe sanyi, na danƙare su da ƙanƙarar da na roƙo a unguwar Sintali. Kamar yadda kowa ke aika saƙo, na kai tasha na damƙa wa direba. Na ce magani ne, kada a buɗe. Azumi ake yi, ga zafi kamar a bakin murhu.

Da direban ya dawo, shi ya tare ni da fara'arsa. Wai motar ta lalace bayan Wukari, magariba ta same su a daji, fasinja sun galabaita.

"Ƙanƙarar kawai muka ɗiba, Malam. Kowa ya sa maka albarka. Kwalabenka kuwa na lulluɓe su da rigata, ko ɗaya ba ta fashe ba."

Na so in shaƙe shi, wallahi. To amma me zan ce wa mutumin da ya shayar da masu azumi? Da na samu layin Ibadan a ofishin waya, wata mata ta ce jinin ya lalace, in sake aikowa.

Kafin in samo sababbin kwalabe har damina ta faɗi. Na koma rugar dattijon. Na tarar da shi zaune, igiyoyin ɗaurin maruƙa a yashe gabansa. Ya dubi sirinjin da ke hannuna, ya naɗe hannun rigarsa.

"Babu saura, Likita. Sai dai ka ɗebi nawa."