Rijiyar da ta ɓace daga zanen Yaya Hadiza

Bana shekara shida ke nan da rasuwar yayata Hadiza, Allah ya jiƙanta da rahama. Ni aikina karanta labarai a rediyo, ita kuwa nata bin diddigin ruwa. Wani shirin kula da rijiyoyi ne ya ɗauke ta aiki a Gumel. Ana kawo mata awon zurfin ruwa daga ƙauyukan Gagarawa, Maigatari da Sule Tankarkar, ita kuma ta mayar da alƙaluman zane a kwamfuta, da harshen lissafin nan da ake kira R.

Yaya ba ta son maimaita aiki. Zama ɗaya ta yi ta tsara yadda kowane zane zai riƙa fita: manyan haruffa saboda dagatai masu raunin ido, launukan da za a bambance ko an buga su baƙi da fari, sai kuma inda ma'aunin zurfi zai fara da inda zai tsaya. Ta adana saitin a fayil guda, duk mai son zane sai ya kira shi da layi ɗaya. Na taɓa tambayarta dalilin kafe ma'aunin. Ta ce, "Kai ɗan jarida, in kwanon awo yana sauyawa kowace ranar kasuwa, wa zai gane hatsi ya ragu?" Da za ta sa iyakar ma'aunin ta ƙasa kuwa, rijiya mafi zurfi ta duba, ta ƙara rata mai yawa, ta yi dariya ta ce kafin ruwa ya gudu har can, ni da ita mun daɗe a ƙasa.

Bayan rasuwarta, abokin aikinta Malam Isyaku ya ci gaba da amfani da saitin, bai taɓa ko ɗigo ba. Kowa ya saba da shi, kowa ya yarda da shi.

Da kakar bana na biya ofishinsu, na tarar yana shirya takardun taron da za a zaɓi ƙauyukan da za a ƙara wa rijiyoyinsu zurfi kafin bazara. A cikin zanen na nemi ƙauyenmu na ƙasar Sule Tankarkar, inda Inna mahaifiyarmu take zaune har yanzu. Layin rijiyarmu ya gangaro, ya gangaro, sai ya yanke. Gabansa farar takarda.

"Wataƙila ba a je awo ba," in ji Malam Isyaku. "Ka san hanyarku da damina."

Na ce, "Malam, sun je. Inna ta ce har fura ta dama musu."

Ya buɗe alƙaluman. Awon yana nan daram. Abin da ya faru shi ne, ruwan ya wuce iyakar da Yaya ta sa, manhajar kuwa ba ta zana abin da ya zarce iyaka. Cire shi take yi, ta rubuta ɗan gargaɗi a ƙasa. Irin gargaɗin nan take bayarwa duk lokacin da aka rasa awon wata rijiya, shi ya sa ido ya saba, ya daina karantawa.

Malam Isyaku ya yi salati. Ya kwafi fayil ɗin ya ajiye da sunanta, sannan ya sassauta iyakar. Layinmu ya fito yana ci gaba da gangarawa. Ba shi kaɗai ba. Wasu layukan ma suka bayyana a inda dā babu komai.

Na sha karanta labarin ambaliya da na rashe-rashe muryata ba ta girgiza ba. Ran nan kam na tsorata. Da zanen ya lalace, da wani ya lura. Tsaf ya fito, kyakkyawa, ga ƙauyukan da suka fi kowa buƙata sun fita daga takarda shiru, wanda ba ya takarda kuwa ba a zaɓensa. Ruwa ba ya tsami banza, amma sai an ɗanɗana ake sani.

Nakan tambayi kaina me Yaya za ta ce. Ban jin za ta kare iyakarta. In kiɗa ya sauya, rawa ma sauyawa take. Abin da zai hana ta barci shi ne ratar da ta ɗauka za ta ishi jikoki ta ƙare kafin yaranta su gama makaranta. Haruffanta da launukanta suna nan, za su daɗe ana cin moriyarsu. Natsuwarta cewa akwai inda ruwa zai tsaya ce ba ta bar mana ba.

Yanzu ƙauyenmu ya dawo cikin takarda, amma masu buƙata sun fi abin da shirin zai iya ɗauka, kuma har yau ba a fitar da sunaye ba. Jiya Inna ta kira ta ce in sayo mata igiyar guga a kasuwar Gumel. Na ce mai tsawon yaya? Ta ce, "Sayo dai wadda ta fi tsawo."