Ƙwaryar da Na Kife a Banikanni

Ranar Juma'a ce, tsakiyar damina, a unguwarmu ta fatake a Jugu. Na tashi da asuba na dama koko. Ƙwarya biyar na jera: ta Malam maigidana, tawa, ta 'yar farina, ta ƙanenta Sani da ke goye, da ta baƙo.

Gidanmu masauki ne tun zamanin kakan Malam. Masu goro su sauka, mu ajiye musu huhunansu, Malam ya nemo musu masu saye. Ka'idar kowane masauki ɗaya ce. Baƙo ya tsaya a zaure, a kawo masa ruwa a ƙwarya. In ya sha, ya zama ɗan gida, ba mai tambayarsa daga ina. Baƙonka Annabinka, haka muka taso muka tarar.

Baƙon nan Bawa sunansa, dogo, mai yawan gaisuwa. Farkon mako ya sha ruwanmu. Da hantsin Juma'ar nan ya ce zazzaɓi ya kama shi, ba zai iya zuwa masallaci ba. Ni da hannuna na jiƙa masa darbejiya. Ni da bakina na ce, “Ke, kai wa baƙo.” Ban taɓa kiran sunan yarinyar nan ba, 'yar fari ce, akwai kunya.

Rana ta take tsaka, maza suka tafi masallaci. Na kara gungumen ƙofa, na koma kan miyata. Gari ya yi tsit, sai kukan kurciya. Can na ji gungumen ya faɗi ƙasa, dim. Sannan na ji usur, sau biyu.

Suka shigo da adduna, fuskokinsu shafe da gawayi. Lokacin gwamnati ba ta zauna ba, yau wannan gobe wancan, 'yan fashi sun samu sake. Bawa ne a gabansu, garau, ba zazzaɓi ba komai, yana nuna musu ɗakin goro.

“A kwashe! A sa wuta!”

Na sungumi tukunyar miya tana tafasa na watsa masa. Ta same shi a wuya da hannun hagu. Ya kurma ihu. Wani ya maka mini ƙotar adda a kafaɗa, na zube.

Da na ɗago, jinkar ɗakin baƙi ta kama wuta. Ƙofar a kulle ta waje. Ashe tun da ta kai masa jiƙon ya kulle ta ciki don kar ta tona shi. Na bugi ƙofar nan har fatar hannuna ta saɓule. Na buɗe baki na kira ta, “Rabi! Rabi!” Ba amsa, sai ƙarar wuta.

Malam ya shigo a guje da farar rigarsa ta Juma'a, ba takalmi. A bakin zaure suka sare shi. Ko kalma bai samu ya faɗa ba.

“Matar ta ga fuskata! Ku kama ta!”

Na haura ta katangar baya, Sani a bayana. Na faɗa gonar dawa. Da la'asar aka tsuge da ruwa, shi ya shafe sawuna. Ban tsaya jana'iza ba. Ban ga inda aka binne su ba. Washegari da hantsi wani kamiyo, babbar motar doya, ya tsaya mana a hanyar Paraku, direban ya dubi hannuwana, bai tambayi komai ba.

Mutum ɗaya na sani a Paraku, Alhaji Garba, abokin fataucin Malam, mai masauki a Banikanni. Ya ji labari, ya cire hula ya riƙe. Uwargidansa, Inna Kande, ta miƙo mini ruwa a ƙwarya. Ni da nake bayarwa, yau ni ake miƙa wa. Na sha da hawaye a ciki.

Paraku ba Jugu ba ce. A Jugu rijiya na tsakar gida. A nan sai ka bi layin famfo, mata na ture ka da bokiti suna zagi da Barganci. Ka gai da mutum a hanya ya wuce kamar ka gai da turmi. Ranar da aka fara aikena kasuwar Arzeke na ɓata tsakanin 'yan doya da 'yan atamfa, ina zagaye wuri ɗaya har wata mai gari ta ce, “Baiwar Allah, sayen kike ko ɗawafi?” Jirgin ƙasa kuwa, duk sanda ya busa daga tasha sai na tsinci kaina a durƙushe, na danne Sani a ƙirji. Yaran gida suna dariya. Ba laifinsu, ba su san usur ba.

Na je komisariya, ofishin 'yan sanda. Jandarma ya yi ta Faransanci, tafinta ya ce a kawo shaida. Shaida! Shaidata tana ƙarƙashin toka a Jugu.

Daga nan na zarce Arzeke na sayi maganin ɓera. Na ƙulle shi a bakin zanena. Da shi nake kwana, da shi nake tashi. Na ce Allah, kar Ka ɗauki raina sai na ga Bawa. Rama cuta ga macuci ibada.

A hankali na koyi gari. Na iya ture mai ture ni a famfo. Na san rumfar da ake tauye mudu. Inna Kande ta ga na iya goro, ta bar mini tsincewa da yayyafi, in ware mai sankara kar ya ɓata sauran. Da ƙafafunta suka fara ciwo, ta bar mini ruwan baƙi ma. Sani ya yi wayo, Dandanci ya fi Hausa yawa a bakinsa.

Damina ta zagayo, ta sake zagayowa. Wata Talata bayan azahar aka yi sallama a zaure, fatake daga kudu. Tun daga madafa na gane muryar Bawa. Yawan gaisuwar nan, har yanzu bai daina ba.

Na ɗebo ruwa a randa. Na kwance bakin zanena. Ƙullin yana buɗe a kan ƙwaryar sai na ji Alhaji daga zaure yana kirana, “Hajara, ruwan baƙi.” Muryar Malam ke nan sak, in ya yi baƙo. A ce an kashe baƙo da ruwan gidan Alhaji? Masaukinsa ya mutu, kamar namu. Sani kuma ya tashi ba uwa ba uba a garin da ko gaisuwa ba a amsawa. Na sake ƙulle maganin. Na cije leɓe har na ji jini.

Na fita. Zaure cike da fatake da dillalai. Ya yi ƙiba, ya sa rawani har wuya. Bai gane ni ba. Ya miƙo hannu biyu.

Na kife ƙwaryar a gabansa. Ruwa ya bi ƙasa ya jiƙa takalmansa.

“Alhaji, a ce ya kwance rawaninsa. Miyata na nan a wuyansa.”

“Ban san matar nan ba!”

“Kwance,” in ji Alhaji.

Bai kwance ba. Dillalai biyu suka kwance masa. Tabon na nan, daga kunne har gwiwar hannu, fatar ta tattare kamar ta kaza. Alhaji bai ɗaga murya ba. Ya ce a fitar da huhunansa a ajiye a rana.

Kafin magariba labari ya gama masaukan Paraku. Kafin wata ya mutu direbobi sun kai shi Jugu da duk inda ake sauke goro. Falke ba masauki gawa ne da ke yawo. Ba mai ajiye masa kaya, ba mai tsaya masa, ba mai miƙa masa ruwa. Goronsa ya bushe a tasha. Daga baya na gan shi a bakin Arzeke, ba rawani, yana tsintar ɓawon doya. Na tsaya sai da ya ɗago ya gan ni. Na ji daɗi, kuma ba zan ɓoye ba. Allah Ya ja kwanansa a haka. Wasu ranaku ma haushin kaina nake ji da ban zuba maganin ba.

Yanzu ina da ɗakina a Banikanni. Jirgi ya busa, ba na durƙusawa. Da asuba ina dama koko kamar da, in jera ƙwarya biyu.

'Yar farina, shekararta tara. Sau ɗaya na kira sunanta a duniya, ta bayan ƙofa. Ban sani ba ko ta ji.