Gurbin da Kabira Ta Bari

Duk wanda ya aurar da 'ya a unguwar Rusaifa ya san sunan Mairama zabiya. A Makka aka haife ta, jikar wani Bakano da ya zo aikin Hajji bai koma ba. A zauren biki na mata take waƙa, inda ake karɓe wayoyi tun daga ƙofa don kada a ɗauki hoton matan mutane, shi ya sa muryarta ba ta cikin wayar kowa. Gwanintarta ita ce ba ta rera waƙa iri ɗaya sau biyu. Da ta hango wata hajiya ta shigo, sai ta karya baiti ta cusa sunanta da na kakanninta, Hausa da Larabci a haɗe, hajiyar ta yi ta washe baki.

A bayanta kullum akwai Kabira da bandirinta, 'yar layinsu ce kuma 'yar amshinta. Mairama ta yi baiti ta bar gurbi, Kabira ta cike. Ba a damu da sunanta ba, "ta Mairama" ake ce mata, kuma Mairama ba ta taɓa ganin laifin hakan ba.

Sai aka ji za a sake yin wani tsohon wasan kwaikwayo na waƙe-waƙe a Jidda, irin wanda iyayensu suka kalla a talabijin baƙi da fari, ana neman mata masu murya. Mairama ta tafi gwaji, ta ja Kabira don riƙon jaka. Tana tsaka da rera baitin da aka ba ta sai ga mai tsara wasan, Ustaz Rakan, ya shigo. Nan take hali ya motsa. Ta karya baitin mutane ta shiga yi masa kirari. Ya yi dariya, ya ce ta maimaita yadda aka rubuta. Ta maimaita, ta sake yi wa baitin ado. Waƙar da kowa ya haddace tun yana yaro ba ta son ƙari, ita kuwa Mairama ba ta iya rashin ƙari ba. Aka ce mai riƙon jakar ma ta gwada, kuma ita aka ɗauka.

Ranar buɗe wasa Kabira ta aiko mata da tikiti. Mairama ta rantse ba za ta ba, sannan ta sa abayarta mafi kyau ta hau jirgin ƙasa. Kuskure ta je nema, ba kallo ba.

Aka ɗaga labule, ga kasuwa sukutum a kan dandamali, makaɗa na zaune a ƙasa. Can cikin mata masu talla ta hango Kabira da tire a ka, tana amshi. Zuciyarta ta ɗan yi sanyi, ko a Jidda ma dai amshi ne. Ba a jima ba kiɗa ya lafa, haske ya sauka a kan Kabira ita kaɗai, ta buɗe baki.

Shekara da shekaru ta ƙeya Mairama take jin muryar nan, yau ne ta fara jin ta gaba da gaba. Ashe haka take da kauri da zaƙi? Ƙyashi ya turnuƙe ta har ta ji ɗaci a harshe. Ta kasa kunne ko za ta kama tangarɗa ɗaya tak, ba ta samu ba. Da aka tashi, maza da mata suka miƙe suna tafi, wayoyi suka yi sama rututu. Wayoyin nan su suka fi ci mata rai.

A bayan dandamali Kabira ta rungume ta. "Yaya! Ashe kin zo! Ya kika ji?"

"Mabruk. Kin ɗan yi saurin shiga, amma ba laifi."

Ƙarya ce, kuma dukansu sun sani. Kabira ta sunkuyar da kai ta ce, "Sun ce in bi su Riyad, ban amsa ba tukuna. Ga bikin amarya Dalal da za mu yi waƙa ran Alhamis, ban taɓa barinki ke kaɗai ba. In kin ce in zauna, wallahi halas, shi ke nan, na zauna."

Mairama tana so Kabira ta zauna, so kamar me. Amma ta dubi kwalliyar wasan da ke fuskar Kabira, ta ji ba za ta iya roƙon mai riƙon jakarta ba.

"Je ki abinki, habibti. 'Yan amshi ai sun cika Makka."

Ran Alhamis Mairama ta ɗauko wata mata mai suna Nuf, gwanar bandiri, wadda ta haddace waƙoƙin tsaf. Biki ya yi biki. Sai ga gwaggon amarya ta shigo tana dogara sanda, Mairama ta karya baiti kamar kullum, ta jero mata kakanni, ta bar gurbi. Shiru. Nuf ta tsaya baki buɗe, ba ta san inda waƙar ta nufa ba. A tsaye a wurin Mairama ta gane cewa mutum ɗaya ce a Makka ke sanin inda za ta karya tun kafin ta karya.

Gwaggon ta matso, ta riƙe hannunta tana murmushi. "Allah ya yi miki albarka, 'yar nan. Jikokina sun nuna mini wasan Jidda a waya. Ke ce ta Kabira, ko?"