Malam Musaddiq Mai Tarkon Ayon

Malam Musaddiq ɗan garin Sara ne, a ƙasar Gwaram, kuma tun yana bin shanun mahaifinsa aka san shi da tsokana. Da ya zama malamin fiziks a wata sakandaren maza a Birnin Kudu, halin bai sake shi ba, sai ma ya samu fili.

Abin da ya shiga ransa a 'yan shekarun nan shi ne kwamfutar kwantom, wata sabuwar na'ura mai lissafi da ƙwayoyin zarra, wadda yake bin labarinta a waya. Ya fi son irin da ake kama ƙwayoyin zarra masu caji, waɗanda ake kira ayon, a jera su cikin tarkon lantarki, a riƙa ba su umarni da hasken leza. Ya yi wa ɗalibai bayani suka kasa ganewa, sai ya fitar da su gindin darbejiya, ya jera biyar kafaɗa da kafaɗa a matsayin ayon, ya ɗauko tocila. Wanda ya haska ya juya, na kusa da shi ya karkata. Abu ya tafi daidai.

"Abin da ya dami masana shi ne yawa," in ji shi. "Kaɗan suna jin magana. Bari ku gani."

Ya ƙaro aji biyu. Nan da nan wannan ya ture wancan, layi ya karkace, ihu ya tashi.

Ana cikin haka sai ga shugaban makaranta, Malam Hadi, tare da baƙo mai duba makarantu, Alhaji Ɗanladi, cikin babbar riga mai sitaci. Shugaba ya watsa wa Malam Musaddiq harara. Shi kuwa ya washe baki, ya juya wajen baƙon.

"Ranka ya daɗe, ka zo a daidai. Dabarar ita ce a raba su rukuni-rukuni, ayon guda ya riƙa kai saƙo tsakani. Amma fa sai mai nutsuwa."

Da jin haka Alhaji ya gyara hula ya shiga. Malam ya yi ta aika shi daga wannan rukuni zuwa wancan cikin rana, har gumi ya karya sitacin.

"Malam, na fa gaji," in ji Alhaji yana haki.

"Madalla! Ku lura, yara. Ayon in ya yi tafiya yakan ɗau zafi, sai an sanyaya shi." Ya sa aka kawo masa ruwan randa.

Bayan baƙo ya tafi, Malam Hadi ya kira Malam Musaddiq ofis ya wanke shi tas, ya ɗora masa kula da sharar fili har ƙarshen zango. Malam Musaddiq ya amsa da ladabi, ransa fes. Alhaji kuwa, duk makarantar da ya je sai ya ba da labarin yadda ya yi aiki a cikin kwamfuta, kuma ba wanda ya yi ƙarfin halin gyara masa.