Suka Ce Nonona Ne Ya Lalace

Lokacin ina sabuwar uwa, haihuwar fari, muna zaune a Simsim, a ƙasar Sudan, inda mijina ke aikin yankan riɗi. Ni mai kunya ce a lokacin, ko abu ya dame ni ba na iya musu da manya. A gida na haifi 'ya mace, aka yanke cibiya da rezar da aka samu, aka shafa mata toka.

Da farko yarinyar tana tsotso lafiya lau. Gab da suna sai ta daina. In na ba ta nono sai ta datse baki, ta banƙare, ta yi ta kuka ƙasa-ƙasa. Habboba, kakar mijina, ta ce a gwada nonon. Aka tatsa a ludayi aka jefa tururuwa, ta mutu a ciki. Shi ke nan, aka ce nonona ne ya lalace, kada in ƙara ba ta. Aka haɗa ni da jiƙo mai ɗaci, ita kuma ana ɗura mata nonon akuya tana ƙwarewa. Wallahi ko madubi na tsani kallo, gani nake ni ce gubar 'yata.

Sai da jikinta ya sandare kamar itace muka nemi mota zuwa mustashfa, wato asibiti, a Gadarif. Hakim, likitan wurin, ya ce ciwon titanus ne, ta cibiya ya shiga. Aka kwantar da ita a ɗaki mai duhu, aka zura mata siririyar roba ta hanci, sista ta ce in tatso nono a ba ta ta nan. Na ce ai nawa ba shi da kyau. Ta ce ba abin da ya same shi, muƙamuƙin yarinyar ne ya ƙage, kuma ɗurar da muke yi tana iya shaƙe ta. Na tatsa, sai ɗigo-ɗigo, ya kusa ƙafewa. Na yi kuka ranar! Na dinga cusa abinci ba don ina so ba, ina tatsa har hannuna ya yi tsami, kafin ya dawo.

Allah Ya tashi kafaɗarta, yanzu tana gudu a tsakar gida. Ban riƙe Habboba a zuciya ba, abin da ta gada ta yi. Amma 'yan'uwana mata, ku yi allurar rigakafin titanus in kuna da ciki, ku kula da cibiya. Jaririn da yake tsotso ya daina, ku kai shi asibiti nan take, kada ku bar nononku ya ƙafe. Har gobe abin da ke ci min rai shi ne, duk kukan nan yunwa take ji, ga abincinta a ƙirjina, ni kuma ina juya mata baya.